Shekarar da Rijiyar Baffa Ta Ƙafe

Baffa ne ya riƙe ni. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara bakwai, ranar da aka tashi daga zaman makoki ƙanensa ya kama hannuna ya kai ni gaban matarsa ya ce mata, "Ga naki." Tun daga ranar nake kiranta Inna. Ban taɓa kwana da yunwa a gidan ba, ko a shekarun da gero bai yi kirki ba.

Sana'ar Baffa haƙar rijiya. Da damina manomi ne kamar kowa, amma da zarar an kai amfani rumbu sai ya saɓi dagi da igiya ya shiga ƙauyuka. Daga garinmu har wajen Bagwai da Rimin Gado, da wuya ka shiga unguwar da babu rijiyar da ya haƙa ko ya yashe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Yana da abokin aiki guda ɗaya, wani dogon mutum sa'ansa, wanda ke tsayawa a bakin rami yana jan bokitin ƙasa. Sun yi kusan shekara arba'in tare, Baffa a ƙasa, shi a sama.

Baffa ya san ƙasarmu ta ciki, yadda sauran mutane suka san ta ta waje. Yakan ce jan ƙasa ne a sama, sai marmara, sai farin yashi, ruwa kuma yana kwance a cikin yashin. Amma bai taɓa barina na shiga rijiya ba, ko da wasa. Boko ya tura ni, har na je kwalejin horar da malamai a Bici na dawo ina koyarwa a firamaren garinmu. Daga ranar da na fara aiki ya daina kiran sunana, sai dai Malam. Da farko na ɗauka zolaya ce. Ashe har ransa yake faɗa.

A wajenmu babu daji. Gona tana manne da gona, gamba ce kawai ke raba su, in mutum ya yi atishawa a tasa maƙwabci zai ce masa yarhamukallahu. Gonakin ma da gado ya yayyanka su, sai ka ga magidanci da 'ya'ya takwas yana riƙe da abin da bai fi filin masallacin idi na ƙauye ba. Saboda haka wanda ke da ɗan wuri a fadama, yana da abin da zai riƙe shi da rani. Kakanmu ya bar lambu ɗaya, aka raba biyu: rabi na Baffa, rabi na mahaifina, wanda ya dawo hannuna da na yi aure. Rijiyar tana ɓangaren Baffa, kusa da wani tsohon mangwaro. Shi ya haƙa ta da ƙuruciyarsa. Da masu injin haƙa burtsatse suka yawaita aka daina kiransa aiki, sai ya tattara ya koma lambun nan, yana jan guga yana ba albasa da alayyafo da tattasai ruwa, fangali bayan fangali. Da wannan yake cefane.

Sola ta fara shigo mana ne ta ɗan asibitin garin. Aka jera farantai a kan rufin, aka kawo firji na ajiye allurar yara. Daga nan aka yi wa makarantarmu burtsatse da tanki a sama, sai masallacin Juma'a, sai fitilun titi a hedkwatar ƙaramar hukuma. Ba mu kaɗai ba, duk sati sai ka ji a rediyo an buɗe wani aikin a wani gari. Wani yaro ya buɗe shagon cajin waya, wani ya fara sayar da ƙanƙara a garin da ba a taɓa kawo wa wayar lantarki ba. Na yi murna, har yau ma ban janye murnar ba. A ƙarƙashin fitilar asibitin nan matata ta haifi 'yarmu ta uku da ta zo a juye, ban san yadda za a yi ba da da tocila ne. Baffa ma ya ji daɗin abin. Ya ce yanzu yana ganin baƙin Alƙur'ani a masallaci da asuba ba tare da ya matse ido ba.

Sai man fetur ya yi tsadar da kowa ya sani. Masu injin ban ruwa suka fara jingine injinansu. Ana cikin haka 'yan kasuwa daga Kano suka fara zuwa ranar kasuwa da a-kori-kura cike da farantan sola da ƙananan famfuna. A haƙa maka 'yar burtsatse a lambu, a zura famfo, a kafa farantai a kan ƙarfe, shi ke nan, rana na fitowa ruwa na zuba. Babu mai, babu hayaƙi, babu ƙara. Cikin shekara guda fadamarmu ta cika da ƙyalli. Ni ma na sayar da babur ɗina da tumaki biyu na shiga sahu.

Ranar da aka kunna nawa, Baffa ya tsallako gamba ya zo ya tsuguna yana kallon yadda ruwa ke fita daga bakin mesa. Ya tara hannu ya ɗanɗana.

"Baffa, ka huta da guga," na ce masa.

"Malam, injin mai aljihu ke tsayar da shi. In kuɗi ya ƙare mutum ya kashe. Wannan fa, wa zai tsayar da shi?"

"Rana mana. In ta faɗi sai ya tsaya."

"Gobe ba za ta fito ba?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya goge hannunsa a jikin riga ya ce, "Ruwan da ke ƙasan nan ba kogi ba ne. Na shiga na gani. Randa ce, damina ke cika ta."

Na ɗauki maganar a matsayin irin ta tsoho da zamani ya ƙwace wa sana'a. Allah ya yafe mini, har na maimaita ta a ofishin malamai aka yi dariya.

Shekara biyun farko an samu alheri, ba zan ɓoye ba. Wanda bai taɓa wuce fangali ashirin ba ya yi ɗari. Aka haura da noman rani har kan tudu, inda tun kakanni ba a taɓa ganin kore da bazara ba. Aka yi alkama, aka yi masara, wasu har shinkafa. Tunda ruwan ba saye ake ba, sai mutum ya bar famfo a kunne ya tafi sallar Juma'a, ruwa ya cika fangali ya malale hanya, jakuna na ta zamewa a taɓo a tsakiyar rani. Wani Alhaji daga birni ya sayi gonaki a saman fadama, ya kewaye da waya, ya jera farantai layi-layi har ido ya gaji, ya haƙa burtsatse masu zurfin da namu ba su kai ko rabi ba. Shinkafa yake yi da kiwon kifi. Ni kaina na ninka abin da nake nomawa sau uku, na sake rufin ɗakina, na yi wa Inna atamfa biyu a sallah guda.

A shekara ta uku mata suka fara ƙara wa guga igiya. Da farko ba wanda ya kula, ai bazara ce. Sai aka ƙara, aka sake ƙarawa, har guga ya fara dawowa da laka. Rijiyoyin cikin gida suka bi juna suna ƙafewa, unguwa bayan unguwa. Mata da 'yan mata suka koma layin famfon makaranta, tun hantsi nake hango su ta tagar aji da jarkoki. Daminar shekarar ma ba ta yi ƙarfi ba, wannan gaskiya ne, kuma da shi kowa ya riƙa kare kansa.

Rijiyar Baffa ta fi sauran juriya, don ya san inda ya sa ta. Amma ita ma ta ƙafe a farkon bazara, albasarsa ba ta gama yin kai ba. Saura kamar sati huɗu a cire. Na same shi a tsaye a bakin rijiyar da guga a hannu, babu ko danshi a gindinsa.

"Baffa, ga ruwa a gefenka. Zan ƙaro mesa in jawo maka."

"Naka zai ishe mu?"

"Har da saura."

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Na san abin ya yi masa nauyi. Mutumin da ya shayar da garuruwa, yau ɗan da ya raina ke jawo masa ruwa a roba.

Muka tsara: da hantsi nasa, in rana ta take nawa. Kwana goma abin yana tafiya daidai. Daga nan famfona ya fara tari. Ya zuba ruwa na ɗan lokaci, sai ya dinga fesar da iska, dole a kashe a jira ruwa ya taru a ƙasa. Kullum jiran yana ƙara tsawo. Ni kuwa ina da tumatir da ya fara 'ya'ya da alkama da ke neman ban ruwan ƙarshe. Sai na fara cewa bari in ɗan fara da nawa, tunda nawa ya fi yawa. Baffa yakan zo da fartanyarsa ta buɗe bakin fangali, ya zauna a gindin mangwaro yana jan carbi har layi ya zo kansa. Wata rana ya samu ruwan fangali shida, wata rana huɗu.

Ranar wata Lahadi, babu makaranta, na wuni a lambun. Ruwan ya yi ƙaranci fiye da kullum. Ina ta cewa wannan layin ne na ƙarshe, in na gama shi sai in ga na gaba ya yi yaushi. Har la'asar ta yi, rana ta karkata, famfo ya mutu. Baffa na zaune tun hantsi.

"Baffa, yau sai haƙuri. Gobe in Allah ya kai mu da kai zan fara."

"Allah ya kai mu," ya ce. Ya saɓi fartanyarsa ya tafi.

Washegari na biya lambun kafin in wuce makaranta. Na tsaya da mesa a hannu, na dubi albasarsa, na dubi tumatirina. Na ce a raina albasa tana da juriya, bari in sa a nawa zuwa lokacin tara, in an fita hutun rabin lokaci in zo in juya. Ranar aka turo masu duba makarantu, ban samu fita ba sai bayan azahar. Na iso a guje. Mesa tana nan inda na bar ta, famfo yana fesar da iska, Baffa yana gindin mangwaro. Tsakaninsa da bakin mesar bai fi taku goma ba. Da ya miƙa hannu ya ja ta zuwa nasa, ba mai ce masa don me. Bai taɓa ta ba.

Na fara kame-kamen bayani. Ya ɗaga hannu.

"Ba komai, Malam. Tumatir ba ya jure ƙishi."

Ran Talata bai zo lambu ba. Na ba albasarsa ɗan abin da ya samu da yamma, fangali uku. Ban je gida na gaishe shi ba, kunya ta hana ni. Na ce sai Laraba.

Abin da ya faru a gidan, daga baya Inna ta ba ni labari. Ranar Talatar ya wuni a bayan rumbu yana wasa bakin dagi da ya shekara bakwai bai taɓa ba, ya warware tsohuwar igiyarsa yana dubawa taku-taku. Ta ce masa, "Maigida, da furfurarka?" Ya ce zurfin gaba guda kawai zai ƙara wa rijiyar lambun, ya san ruwan bai yi nisa ba. Da yamma ya tafi wajen abokin aikinsa. Shi ma ya ƙi da farko. Ya ce masa yashin da ruwa ya janye daga cikinsa ba ya riƙe kansa, kai ma ka sani. Baffa ya ce in ba zai zo ba, zai ɗaure igiya a jikin mangwaro ya shiga shi kaɗai. To wa zai bar abokin shekara arba'in ya yi haka?

Ran Laraba ina cikin aji biyar ina rubuta lissafi a allo, wajen ƙarfe sha ɗaya, shugaban makaranta ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Ya ce, "Malam, ajiye allin nan ka zo." A waje na ga wani maƙwabcinmu na lambu a kan babur, bai ko kashe ba. Ya ce, "Hau. Rijiya ta rufta da Baffa."

Kafin mu isa fadama ta cika. Mutane sun bar famfunansu a kunne sun rugo. Abokin Baffa yana durƙushe a bakin rijiyar, igiya a naɗe a hannunsa har ta yanke shi, muryarsa ta dushe saboda kira. Ya ce sun fitar da bokiti kusan talatin lafiya. Sai ya ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero. Ya leƙa, ya ga yashi ya rufe Baffa har ƙirji. Ya kira shi, Baffa ya amsa, ya ce, "A hankali, kada a taka baki." Kafin mutane su iso sai gefe na biyu ya zubo. Tun daga nan bai sake amsawa ba.

Na leƙa. Babu abin da ake gani sai igiya da ta nutse a cikin farin yashi.

Mutum ɗaya kawai rijiya ke ɗauka. Samari majiya ƙarfi sun fi hamsin a wajen, amma babu ko ɗaya da ya taɓa shiga rami irin wannan, sana'ar ta mutu tun kafin su tasa. Kowa na ihu da tasa shawarar. Tsohon nan ne ya miƙe, ya daka tsawa da sauran muryar da ta rage masa, ya sa aka ja da mutane baya. Ya aika aka kawo gangar ƙarfe aka fasa gindinta, aka zura ta ƙasa don ta tare yashi, mai haƙa ya tsuguna a cikinta. Aka ɗaura wa wani saurayi igiya a ƙugu ya sauka da ƙwarya. Bai jima ba ya girgiza igiya aka jawo shi yana haki, ya ce babu iska. Wani ya karɓa. Duk bokitin da aka fitar, rabinsa ya sake gangarowa ta gefen ganga.

Ni ne na huɗu. Aka so hana ni, na ce a ɗaura mini. Na cire rigar aiki da takalmi. Tun da aka haife ni ban taɓa shiga rijiya ba sai ranar. Ƙafata ta dinga samun 'yan ramukan da Baffa ya sassaƙa a jikin marmara don takawa, sun yi santsi saboda shekaru. Da na wuce marmara zafi ya rufe ni, numfashi ya koma kamar ana shaƙar auduga. Na tsuguna a cikin gangar ina kwasa da ƙwarya, da ta yi mini jinkiri na ajiye ta na koma yi da hannu. Ina kira, Baffa, Baffa, yashi na shiga bakina. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. An girgiza mini igiya sau biyu in fito, na ƙi.

Hularsa na fara samu. Sai kansa, a sunkuye, kamar mai sujada bai kai ƙasa ba. Na share masa fuska, na zura yatsa na fitar da yashin da ke bakinsa. Jikinsa da ɗumi, amma ɗumin ramin ne. Na san ya tafi tun kafin in taɓa wuyansa. Na yi salati, na ɗaga kai na faɗa wa na sama. Na ji salatin ya zagaye fadama.

Sai bayan la'asar aka iya zaro shi, don ƙafafunsa sun nutse sosai. Wanda ya sauka na ƙarshe ya ce yashin da ke wajen ƙafafun da danshi. Abokin Baffa ya karɓi ɗan dunƙule ya murza a tafin hannu, ya ce, "Saura kaɗan ya kai." Ya zubar, ya juya baya.

Babu ruwa a gidan da za a yi masa wanka. Daga tankin masallaci aka ɗebo a jarkoki. Liman da abokin Baffa suka yi masa sutura, aka sallace shi, muka kai shi kafin magariba. Jama'ar da ta zo ta ba ni mamaki. Har daga ƙauyukan da ban san ya taɓa zuwa ba, tsofaffi suka zo washegari a kan kekuna, kowa ya ce rijiyar gidansu shi ya haƙa. Da yawa suka ƙara da cewa ta ƙafe bana.

A zaman makoki kowa abu ɗaya yake faɗa: kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni musulmi ne, babu wanda ke wuce ranarsa. Amma ban iya haɗa ido da abokin Baffa ba. A rana ta uku, da mutane suka ragu, na matsa kusa da shi a kan tabarma.

"Baba, da ya zo wajenka, ya ce wani abu a kaina?"

Bai dube ni ba. "Bai ce ba. Ni ma ban tambaya ba."

Na ji kamar an sauke mini kaya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma da muka je lambun da safe ina da ido. Na ga inda mesa take."

Bai sake yi mini maganar ba har yau. Muna gaisawa a masallaci.

Daga ranar na juya ruwan gaba ɗaya zuwa albasar Baffa. Tumatirina ya ƙone a tsaye, alkama ta yi rabin abin da ya kamata. Albasar ta farfaɗo, ta yi kai, na cire na kai gida buhu-buhu na jibge a zaure. Inna tana takaba. Ta aiko a gaya mini in rabar sadaka, kada a shigar mata da ko ɗaya cikin gida.

Mai unguwa ya sa aka cike rijiyar, don kada yara su faɗa. Ya kuma tara masu lambu a ƙofar gidansa aka yi magana mai tsawo. Aka amince kowa ya kashe famfo daga azahar, kuma a daina shinkafa da rani. Wakilin Alhajin nan ya zo, ya yi ta'aziyya cikin ladabi, ya ce su ruwansu na can ƙasa sosai, ba ɗaya ba ne da namu. Ba mu da ilimin da za mu ƙaryata shi, mai ilimin mun binne shi. Yarjejeniyar ta yi sati biyu. Wani ya ga maƙwabcinsa ya kunna da la'asar, shi ma ya kunna, shi ke nan. Na rubuta takarda da sa hannun mutane na kai inda ya kamata. Bayan wata biyu wani jami'i ya zo, mutumin kirki, ya zura awo a rijiyoyi uku ya rubuta a littafi. Da na raka shi mota ya ce mini ba garinmu kaɗai ba ne, kuma zai kai rahoto. Ban sake jin komai ba.

Sai da Inna ta fita takaba na iya zuwa mata da maganar. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na zauna a ƙasa nesa kaɗan, kamar yadda nake yi ina yaro in na yi laifi. Na faɗa mata komai, Lahadin da Litinin ɗin, ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani," ta ce.

"Ya gaya miki?"

"Shi? Ka san shi. Kwana biyu yana dawowa da fartanya babu laka a bakinta. Ni ke jingine ta."

"Inna, me ya sa ba ki ce mini komai ba?"

"In ce me? Ni na goya ka." Ta ware wata tsakuwa ta jefar. "Da na san rami zai shiga, da na zo makarantar da kaina na ja kunnenka gaban ɗalibanka. Ban sani ba sai da na ga dagi a hannunsa. Ni ma da nawa laifin."

"Ki yafe mini."

"Ni na yafe. Nasa kuma, ka yi ta yi masa addu'a. Tashi ka ci abinci."

Ta zubo mini, na ci ina kuka, ita tana ci gaba da tsintar wakenta.

Da aka raba gado lambun ya faɗa hannun ɗan Baffa namiji, wanda ke aikin gadi a Legas. Ba zai dawo ya yi noma ba, kuma lambun da ba ruwa ba lambu ba ne. Ya yi mini tayi, ban da hali a shekarar. Alhajin ya saya. Aka sare mangwaron don yana yi wa farantai inuwa. Yanzu wayar shingensa ce iyakata ta gabas.

Bazarar da ta biyo baya tawa burtsatsen ta tsaya cak. Na yi wata guda ina cewa na bar noman rani har abada. Amma albashin malamin firamare ba ya riƙe gida mai mutum tara. Mu huɗu muka haɗa ƙarfi aka kawo babban inji aka haƙa mana mai zurfi, muka ƙara farantai. Ruwa ya fito da ƙarfi, muna rabawa da agogo, kuma ban taɓa ƙara ko minti ɗaya a kan lokacina ba. Na san duk da haka abin da muke yi wa waɗanda ba su da halin bin ruwan zuwa ƙasa. Lambuna da yawa a gefenmu sun koma fako. Masu su wasu suna ƙwadago a gonar Alhaji, wasu sun koma tafiya ci-rani.

Inna ta koma wajen 'yarta a Bagwai. Idonta ya yi rauni, da murya take gane mutane. Nakan je duk ƙarshen wata. Zuwan da na yi na baya-bayan nan ta tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wa ya rasu wa ya haihu, sannan ta ce, "Ana samun ruwa a garin?"

"Ana samu, Inna. A famfo."

"Mata na shan layi?"

"Suna sha."

Ta gyaɗa kai. Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro ƙullin goro ta ba ni in kai wa abokin Baffa, ta ce ta ji ƙafa ta hana shi fita. Na kai masa da yamma. Jikarsa ta karɓa a zaure, ta shiga, ta dawo ta ce ya gode, yana barci.